Idan manhaja ta ƙi hawa kwamfuta: abin dubawa kafin a goge Windows

A Kano, da zarar manhaja ta ƙi hawa kwamfutar tebur, shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a goge komai a sake Windows. Sau tari babu buƙatar hakan. Saƙon da ya fito a allo yana ɗauke da lambar matsalar, don haka ɗauki hotonsa da waya kafin ka rufe shi.

Fara da fayil ɗin kansa. Idan data ta ƙare ko an ɗauke wuta ana cikin saukewa, fayil zai zo guntu, amma sunansa cikakke. Gwada girmansa da wanda aka rubuta a shafin kamfanin, in sun saɓa ka sake saukewa. Wanda ya zo a dunƙule cikin ZIP, warware shi tukuna. In a filash aka kawo maka, kwafe shi zuwa cikin kwamfutar kafin ka buɗe. Filash mai tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Sai an sauya mata tsari zuwa NTFS ko exFAT, kuma in ta hanyar format aka yi, yana share abin da ke ciki.

Sai agogo, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Kwamfutocin gwanjo kan zo da mataccen batir a allon uwa (motherboard, babban allon da ke cikin kwamfutar), ɗan ƙarami ne kamar kwabo, lambarsa CR2032. Idan ya mutu, duk sanda aka cire wuta kwanan wata sai ya koma shekarun baya. Manhajar da ke ƙarasa saukowa ta intanet za ta ga takardar amincin shafin ba ta dace da ranar ba, sai ta tsaya cak. Gyara ranar ka sake gwadawa, sannan ka sauya batirin, in ba haka ba gobe ma haka za a yi.

Lambar 0x80070070 na nufin faifai ya cika. Ko da a sashen D na faifan za ka ɗora manhajar, a sashen C, inda Windows take, take fara baje kayanta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta %temp% don buɗe ma'ajiyar fayilolin wucin gadi, share abin da ya yarda ya goge. Ita kuwa 0x80070005 rashin izini ce: danna fayil ɗin da ɓangaren dama na linzami, zaɓi "Run as administrator". Lambar 1618 kuma wata manhaja ce ke kan hawa, galibi sabuntawar Windows. Jira ta gama ko ka sake kunna kwamfutar. Mai wahalar ita ce 1603, domin ba ta faɗin dalili. Yawanci ragowar tsohon zubin manhajar ne ya tare hanya: cire shi, sake kunnawa, sannan ka ɗora sabon.

Idan saƙon ya ce babu VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, kada ka je neman fayil ɗin shi kaɗai a shafukan da ba ka sani ba, nan ake kwaso bairos. Sauko da Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft, na x86 (mai bit 32) da na x64 (mai bit 64) duka, domin Windows mai bit 64 tana gudanar da manhajoji masu bit 32 su ma. Akasin haka ba ya yiwuwa: mai bit 32 ba za ta taɓa karɓar manhaja mai bit 64 ba. Duba taka a Settings, System, About.

Batun a kashe mai gadin bairos don manhajar sata ta hau, wannan buɗe wa ɓarawo ƙofa ne da hannunka.

Ɗauke wuta a tsakiyar ɗora manhaja yakan lalata fayilolin Windows kanta. Don gyara su, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ta hanyar "Run as administrator", rubuta sfc /scannow, bar shi ya kai 100 cikin 100. Kwamfutar tebur ba ta da batir irin na laftof, saboda haka kada ka fara babban aiki sai da UPS ko inbata, musamman lokacin da ake sauyawa zuwa janareto. Idan kuma tana mutuwa da kanta ana cikin aiki alhali akwai wuta, zargi zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa sauran. Cire wuta, buɗe murfin, hure ƙurar, zare RAM, wato siririn allon ƙwaƙwalwar aiki da ke soke a allon uwa, ka mayar da shi daram.

Wani lokacin Windows ɗin ce ta tsufa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, kuma Chrome na ƙarshe da ke hawa kanta shi ne zubi na 109. Windows 10 ma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. A nan ne sake Windows ya dace, amma ka tabbatar kwamfutar tana da TPM 2.0, wato sashen tsaron da Windows 11 ke buƙata, kafin ka nufe ta, ka kuma kwashe takardunka zuwa wani faifan tukuna.