Yadda Za Ka Haɗa Gajeren Katun Na Zambo Da Kayan Kasuwa

A shekarar 2009 wasu Faransawa da ke aiki da sunan H5 suka fitar da Logorama, katun na kimanin minti 16 wanda suka gina birnin Los Angeles a cikinsa da tamburan kamfanoni fiye da 2,500. Ƙattin nan da ake zanawa a tallar tayar Michelin su ne 'yan sanda, Ronald McDonald, ɗan barkwancin da ke tallar gidan abinci na McDonald's, kuma shi ne ɗan ta'addan da ake farauta, har fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2010. Matashin da ke Katsina zai iya yin irin wannan zambo da wayarsa da tarkacen bola, muddin ya samo labarin daga bakin mutanensa.

Aikin farko shi ne sauraro. Ka taka daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, kana lura da allunan talla da kuma yadda masu saye ke kiran kaya. A bakinmu duk garin sabulu omo ne, duk dunƙulen ɗanɗano magi ne, ko da wani kamfani dabam ya yi shi, kuma a nan abin dariyar yake. Ka ɗauka, alal misali, Daddawa ce ta zo shiga tukunya, sai dunƙulen ɗanɗano biyu masu rigar takarda mai ƙyalli suka tare ta a bakin murhu, suna neman ta nuna tambarinta, alhali kaka da kakanni gidan nata ne. Wannan kaɗai ya isa fim na minti biyu.

Daga nan sai ka tattara 'yan wasanka: gwangwanin madara, murfin kwalba, kwalin ashana da ledar ruwa, ka wanke su, ka liƙa musu idanu na takarda. A ganina ya fi dacewa ka zana tambari na ƙirƙira wanda ya ɗan yi kama da na gaske, domin nuna kamfani da sunansa a matsayin ɓarawo yana iya kai ka gaban alƙali, mai kallo kuwa zai gane wanda ake nufi ko ba a faɗa ba.

Ka naɗi muryoyi tun kafin ɗaukar hoto, kuma ka bar Daddawa ta yi Katsinancinta yadda yake.

Wurin ɗaukar hoto ne ake shan wahala. Ka ɗaure wayar a kan abin da ba ya motsi, ka rufe taga, ka kunna fitila mai caji, saboda hasken rana yana sauyawa tsakanin hantsi da azahar, kuma zai sa fim ɗin ya riƙa ƙyaftawa. Manhaja irin Stop Motion Studio za ta jera maka hotunan. Ka matsar da gwangwani kaɗan, ka ɗauka, ka sake matsarwa. Idan ka saita manhajar ta riƙa nuna hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, to minti ɗaya zai ci hoto 720. Ɗan cingam a gindin kowane ɗan wasa yana hana shi faɗuwa a tsakiyar aiki.

Idan ka gama, ka fara nuna wa mai shagon unguwarku ba tare da ka yi masa bayani ba, ka lura da inda ya yi dariya, sannan ka yanke duk wurin da ya ɗauke ido daga wayar.