Gwaji na huɗu a ƙwallon Amurka: kurakuran da ake yi wajen yanke wa koci hukunci

A ƙwallon ƙafar Amurka, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da gwaji huɗu ta ci yadi 10. In uku sun wuce ba ta cika ba, koci na da zaɓi uku: a doka ƙwallon nesa a bar wa abokan hamayya, a buga ta tsakanin sandunan raga a samu maki 3, ko a sake gwadawa. Nan gardama take tashi, nan kuma yawancin masu kallo suke tafka kuskure.

Babban kuskuren shi ne duba abin da ya faru, a manta da abin da kocin ya sani lokacin da ya yanke shawara. Ranar 15 ga Nuwamba 2009, New England Patriots na gaban Indianapolis Colts da 34 da 28, saura minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwallo na hannun Patriots kan yadi 28 na ɓangarensu, suna neman yadi 2 a gwaji na huɗu. Kocinsu Bill Belichick ya ce a gwada. Mai jefa musu ƙwallo, Tom Brady, ya jefa wa Kevin Faulk, aka tare shi ƙiris ya rage ya kai layin. Peyton Manning, mai jefa wa Colts, ya karɓi ƙwallo, Colts suka ci wasan 35 da 34. Washegari babu irin zagin da Belichick bai sha ba.

Sai Brian Burke, mai nazarin alƙaluman wasan, ya zauna ya yi lissafi. Neman yadi 2 a gwaji na huɗu yana nasara kusan sau 60 cikin 100, kuma da sun samu, wasa ya ƙare ke nan. Da ya haɗa komai, sai ya ga gwadawar ta ba Patriots damar cin wasa kusan kashi 79, dokawa nesa kuwa kusan kashi 70. Hukuncin daidai ne, sa'a ce ta ƙi. Gyaran nan mai sauƙi ne a faɗa, mai wuya a aikata: kafin a buga, ka faɗi abin da kai za ka yi. Wanda ya jira ya ga sakamako sannan ya yi magana, ihu bayan hari yake yi.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya. Mutane na ɗauka dokawa nesa ko karɓar maki 3 ba su da haɗari. Ai miƙa ƙwallo ga ɗan wasa irin Manning ko Brady shi ma caca ne, sai dai ba a ganin asararsa nan take. A wasan Janairun 2021 na neman zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, Tampa Bay, inda Brady ya koma, na gaban Green Bay Packers da maki 8, saura minti 2 da kaɗan, ƙwallo na hannun Packers kan yadi 8 daga gidan Tampa. Kocin Packers, Matt LaFleur, ya karɓi maki 3, ya bar mai jefa musu ƙwallo, Aaron Rodgers, a gefen fili. Ƙwallon ba ta sake dawowa hannunsu ba, Tampa ta ci 31 da 26. Tun 2006 David Romer, masanin tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya nuna cewa kociyoyi na doka ƙwallo nesa fiye da kima. Ni a ganina tsoron 'yan jarida da mai ƙungiya ne: wanda ya faɗi ta hanyar da kowa ya saba ba ya shan suka sosai.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda da zarar kwamfuta ta ce a gwada, to magana ta ƙare. Alƙaluman nan matsakaici ne na dukan ƙungiyoyi. Yadi 1 a wajen Philadelphia Eagles, da suke tura mai jefa musu ƙwallo, Jalen Hurts, ta baya har ya faɗa ƙetaren layi, ba ɗaya yake da yadi 1 a wajen ƙungiyar da masu tare mata gaba suka ji rauni ba. Iska, sanyi da ƙafar mai bugu duk suna shiga lissafi. In tazarar da ke tsakanin zaɓi biyu kashi 1 ce ko 2, idon koci ya fi cancanta a bi.

Sai ɗan ƙaramin kuskure da na ji ana ta maimaitawa bayan wasan Detroit Lions da San Francisco a Janairun 2024. Kocin Lions, Dan Campbell, ya ƙi buga maki 3 sau biyu bayan hutun rabin lokaci, duka gwajin suka faɗi, suka sha kashi 34 da 31. Aka yi ta cewa ya zubar da maki 6. Waɗannan makin ba su shiga aljihunsa ba tukuna: bugu ne na yadi 45 zuwa sama, kuma a gwajin farko ƙwallon ta iso hannun ɗan wasansa Josh Reynolds, ta suɓuce masa.