Yadda za ka koyar da sauraren Ingilishi da salula da ɗan bafil

Malamman Ingilishi na kolejojin Tawa, ga wata dabara musamman don 'yan siziyam (ajin farko na koleji) da yanzu suka fara harshen, salula guda ta isa sai ɗan bafil mai Bluetooth.

Tun da dare ka sa salular da bafil ɗin sharji don wuta ba ta da tabbas, sannan ka nemi abokin aikinka ku ɗauki wokal na hira gajera, kamar mai saye da mai saida tumatir a kasuwa, kada ta wuce minti 1 kuma ku yi magana a hankali. Ka aje ta cikin salular, ba ruwanka da rezo ko forfe a aji.

Da safe ka rubuta tambayoyi 3 a tablo kafin ka kunna, misali mi aka saya, nawa ne kuɗin. Saurare na farko kowa ya rufe kaye, kunne kawai. Na biyu su rubuta amsa, na uku kana tsaidawa jimla-jimla suna maimaitawa, nan ne za ka ji masu sa lafazin Faransanci cikin Ingilishi, kar ka yi musu tsawa dan Allah, sake kunna wurin kawai.

Bafil ɗin ka aza shi tsakiyar aji, in ba haka ba 'yan bencin baya sun tashi a tutar babu.

Daga nan ka raba su bibbiyu su kwaikwayi hirar, ka ɗauki muryar wasu ka kunna musu, za a sha dariya amma har masu kunya sai ka ga sun ɗaga hannu.