Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mazari da Sauran Ƙwari Daga Kusa

Mazari ba ya yarda a matso shi. Idanunsa sun kusa cinye kansa gaba ɗaya, kuma a cikin kowace ƙwayar ido akwai ƙananan idanu da kan kai 30,000, shi ya sa yake ganin gaba da gefe da sama kusan a lokaci guda. Kafin ka ɗaga kyamara ya riga ya gan ka. Sai dai yana da ɗabi'a guda da ke taimakon mai hoto: idan ya zaɓi wani tsinke ko kan kara ya sauka, ko ya tashi zai zaga ya dawo wurin. A kan wannan ɗabi'a aikin nan duka ya dogara.

Fara da neman ruwa. Mazari a ruwa yake ƙyanƙyashewa, kuma a can yake yin watanni, wani ma shekaru, kafin ya fito ya yi fuka-fuki. Don haka bakin tafki, kududdufi, fadama ko rafi mai tafiya a hankali, nan ne inda za ka same shi. Mazan ne suka fi zama bakin ruwa suna tsaron yankinsu, suna korar juna. Ka je ranar farko ko ba kyamara, ka zauna ka lura da inda suke sauka.

Ka yi sammako. Jikin ƙwaro ba ya samar da ɗumi kamar namu, sai rana ta gasa shi yake samun kuzari. Da sassafe za ka tarar da mazari manne da ciyawa, raɓa ta jiƙa fuka-fukansa, ba ya iya tashi da sauri. A lokacin iska ba ta taso ba, hasken kuma mai taushi ne. Ni a ganina sa'a ɗaya bayan fitowar rana ta fi yini guda na fama da tsakar rana. Amma ita ma tsakar rana tana da nata abin kallo: idan zafi ya tsananta, wasu mazarin kan ɗaga bindinsu su miƙe shi sama saitin rana don rage zafin da ke dukan jikinsu. Wanda ya dace da wannan tsayuwa ya samu hoto mai kyau.

Kayan aiki. Gilashin kyamara da aka yi don ɗaukar ƙananan abubuwa, wanda ake kira makro, ya fi dacewa, musamman mai tsawon milimita 90 zuwa 105. Yana ba ka damar tsayawa ɗan nesa kaɗan, abin kuma ya cika hoton. Mazari babba ne a cikin ƙwari, don haka ko gilashi mai jawo nesa, kamar na milimita 200 ko 300, zai yi aiki. Mai waya kuma kada ya karaya. Wayoyi da yawa suna da tsarin makro, akwai kuma ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a kan kyamarar. Matsalar kawai ita ce dole ka matso sosai, wato sai ka ninka haƙuri.

Matsowa. A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Ka sunkuya ko ka durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa, domin hoton da aka ɗauka daga sama bai cika yin rai ba. Ka matsa kai tsaye, sannu-sannu, ba gefe da gefe ba, saboda motsin gefe ne ya fi saurin ganewa. Kada inuwarka ta faɗa kansa, take zai tashi. Ka ɗauki hoto tun kana nesa, ka ƙara taku ɗaya, ka sake ɗauka. Idan ya tashi, kada ka bi shi. Ka tsaya cak, kyamara na kallon tsinken, ka saita ta a kansa, ka jira. Sau da yawa kafin minti ɗaya ya dawo, wani lokacin ma da sauro ko ƙuda a bakinsa. Kuma kada ka ji tsoro, mazari ba ya harbi.

Saitin kyamara. Duk lokacin da ka matso kusa, wurin da ke fitowa tangaran a hoton yana raguwa, har ya koma 'yan milimita kaɗan. Ido ya fito, bindi ya dusashe. Maganin farko shi ne ka tsaya ta gefensa, fuskar kyamara ta yi daidai da tsawon jikinsa, yadda kai da bindi za su kasance nisa ɗaya daga gare ka. Na biyu, ka tsuke ƙofar haske ta gilashin zuwa f/8 ko f/11 (ƙaruwar lambar na nufin ƙofar ta ƙara tsukewa). Idan ka wuce f/16 hoton zai fara rasa kaifi. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa in da hannu kake riƙe da ita, in kuma iska na kaɗa karan, ka kai shi 1/500. Ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, don cike giɓin hasken, ko da yake hakan kan sa hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya girgiza.

Ko me za a rasa, kada a rasa ido. Idan idon ya fito tas, mai kallo zai yafe sauran. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce kashe saitin nisa da kyamara ke yi da kanta, in saita da hannu, in riƙe numfashi, sannan in riƙa ɗan gusawa gaba da baya da jikina ina ɗauka a jere. Cikin goma, ɗaya ko biyu za su faɗa daidai.

Ka duba abin da ke bayansa ma. Ciyawa mai nisa tana narkewa ta zama launi ɗaya mai daɗin kallo, ta kusa kuwa sai ta cika hoton da tarkace. Gusawa taku ɗaya kan gyara wannan. Idan za ka kunna fitilar kyamara, ka rufe ta da farar takarda ko farin ƙyalle mara kauri, don kada fuka-fukan su yi ƙyallin da zai ɓata zanensu.

Sauran ƙwari. Kowane da halinsa. Malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma a kan fure ake tare su, ka zaɓi fure ɗaya ka jira. Ƙoƙi-ƙoƙi ya fi kowa sauƙi, yana tsayawa har ya juyo kai ya dube ka. Fara kuwa takan zagaya bayan kara ta ɓuya. Ka miƙa hannu ta ɗaya gefen, sai ta dawo ɓangarenka. Akwai kuma ɗan'uwan mazari, siriri, mai haɗe fuka-fukansa a bayansa idan ya sauka, shi ya fi yarda a matso shi, da shi ya kamata mai koyo ya fara. Abu ɗaya nake roƙo: kada a kama ƙwaro a sa shi cikin firji ko a fesa masa wani abu don ya tsaya. Wasu na yi, kuma zalunci ne.

Idan hannunka ya faɗa, sai ka gwada ɗaukar mazari yana tashi a sama. Mazari na iya sarrafa fuka-fukansa huɗu kowane daban, don haka yakan tsaya cak a iska na ɗan lokaci. Ka lura da hanyar da yake sintiri, ka saita kyamara da hannu a kan nisan wurin da yake yawan tsayawa, ka kai saurin ƙiftawa 1/2000, ka fara ɗauka a jere da zarar ya shigo.