Kar mu jira tansiyo ya faɗi

Salamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan lafiya, musamman ƙannenmu da ke kwanan gardi a nan Tawa. Abin da nake ta gani ne ya dame ni. A kawo mace ta haihu tana zubar jini, ko ɗan kabu-kabu da ya yi hatsari, a auna tansiyo a ga 12/8 sai hankali ya kwanta. Wallahi tansiyo makararre ne, matashi na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa tansiyon bai faɗi ba, don jijiyoyi na matsewa suna rufa asiri.

Ku fara da bugun zuciya. Ku raba shi da lambar sama ta tansiyo a milimita (wato 11 ya zama 110), bugu 120 a minti kan 110 ya wuce 1 ke nan, akwai matsala ko da mutum na magana da ku. Ku taɓa ƙafa, in ta yi sanyi ku danna farce daƙiƙa 5 ku saki, ya kamata ja ya dawo kafin daƙiƙa 3. Fitsari kuma a sa sondi, wato robar fitsari, a riƙa rubuta yawansa duk awa, mai kilo 60 bai kamata ya gaza mililita 30 ba.

Amma fa kar a buɗe ƙarin ruwa ido rufe. Maijegon da ta zo da kumburin ƙafa da haki, jijiyar wuya a cike, sau da yawa zuciya ce ta gaji, ruwa huhu zai tafi. Ku saurari ƙirji tukuna, ku kira likita. Mai zubar jini kuwa a tsaida jinin, a nemi jini tun da wuri.