Yadda za ka je kotu ka dawo gida lafiya, tun daga bakin get har wajen ajiye mota

Duk wanda aka taɓa kawo wa sammaci ya san yadda cikin mutum ke ɗurar ruwa, ko da kuwa shaida kawai aka kira shi ya bayar. Hankali duk yana kan abin da za a faɗa gaban alƙali, ba wanda ke tunanin yadda zai shiga da yadda zai fita. Alhali kotu waje ne da ake tara mutanen da ke jin haushin juna a rufi ɗaya, wanda aka cinye wa gado da wanda ya cinye, matar da aka saka da mijin da ya sake ta, dangin mamaci da dangin wanda ake zargi, kowa zuciya a wuya. To ga yadda ake yi.

Abu na farko tun daren jajibiri ake yin sa, wato zazzage jaka da aljihu. Zazzagewa fa nake nufi, ka juye komai a kan gado ka duba ɗaya bayan ɗaya. Yawancin waɗanda ake tsayarwa a ƙofa ba miyagu ba ne, mantuwa ce, ƴar wuƙar da ke maƙale a jikin makulli, reza, almakashi, abin yanke farce, sukundireba, kwalbar turare ta gilashi, ashana ko laita. Ma'aikacin tsaro ba ruwansa da niyyarka, abin da ya gani shi zai yi aiki da shi, wani wajen su ajiye maka ka karɓa in za ka fita, wani wajen kuma shi ke nan ya tafi. Ka ɗauki takardar sammacin, katin shaidarka, lambar shari'ar a rubuce a takarda ba a waya kaɗai ba, domin akwai kotunan da ba a shiga da waya kwata-kwata. In kana shan magani ka tafi da shi cikin kwalinsa na asali mai suna a jiki, ƙwayoyi a ƙulle cikin leda tambayoyi kawai za su jawo maka.

Sai sammako. In an ce ƙarfe tara, ka kasance a bakin get kafin takwas da rabi, saboda layin bincike ya fi tsawo da safe lokacin da kowa ke son shiga a tare, kuma in aka kira shari'arka kana waje ba wanda zai saurari cewa layi ne ya riƙe ka.

A ƙofar kuma abin ba wuya. Za ka ga wata ƙofa ta ƙarfe mara murfi da ake ratsawa, na'urar gano ƙarfe ke nan, a gefe kuma wani lokacin akwai injin da ke haska cikin jaka. Ka zuba makulli da waya da tsabar kuɗi da agogo a cikin ɗan tiren da za su miƙo maka, bel mai katon kai ma a cire. In ƙofar ta yi ƙara kar ka ruɗe, ka koma baya ka sake laluba aljihu, in ta sake yi za su bi jikinka da ƴar sandar nan ta hannu. Mai ƙarfe a ƙafa bayan tiyata, ko mai na'urar daidaita bugun zuciya, ya faɗa tun kafin ya ratsa. Mace kuma tana da damar ta nemi mace ƴar uwarta ta duba ta, ta nema cikin ladabi. Kuma don Allah ban da barkwanci da kalmar bam ko bindiga a wajen nan, ba su san wasa ba, kuma suna da gaskiya.

Nan ne nake son in ɗan tsaya, saboda akwai halin da ke ba ni haushi, wato mutumin da zai zo yana cewa ai an san ni a nan, ni lauya ne, ni ɗan uwan wane ne, a bar ni in wuce ta gefe. Wallahi ta irin wannan kafar ake shigo da masifa. A watan Afrilun 2015 a kotun birnin Milan na Italiya, wani da ake tuhuma kan karyewar kamfaninsa ya shiga da bindiga ya kashe mutum uku har da alƙali. A Satumban 2021 a kotun Rohini da ke Delhi ta Indiya, mutum biyu suka sa kayan lauyoyi suka harbe wani da aka kawo daga kurkuku a cikin ɗakin shari'a. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Marwa El-Sherbini, ƴar Masar mai haɗa magunguna, tana da juna biyu, ta je ba da shaida a kotun Dresden ta Jamus ranar 1 ga Yulin 2009, mutumin da ya zage ta saboda ɗankwalinta ya zaro wuƙa daga jakarsa ya kashe ta a gaban ɗanta ɗan shekara uku, ba wanda ya duba jakar a ƙofa. Saboda haka in ka ga ana lalube babban mutum kamar yadda aka lalube ka, ka ji daɗi, wajen yana da tsaro ke nan.

Da ka shiga, kafin ka nemi wajen zama ka ɗaga kai ka ga ina ƙofofin fita suke, da inda ma'aikacin tsaro ke tsaye. Minti ɗaya ya isa. Ka duba allon da ake liƙa jerin shari'o'in ranar ko ka tambayi magatakarda wane ɗaki ne naka, kar ka yi ta buɗe ƙofofi kana leƙawa, wasu hanyoyin na alƙalai ne, wasu na waɗanda ake tsare da su, da gangan aka raba su da na jama'a. Jakarka kar ta bar hannunka, kuma kar ka karɓi ajiyar kowa, ko tsohuwa ce ta ce riƙe min in shiga bayi, ka nuna mata ma'aikaci.

A baranda kuma, wajen jira, ka zauna nesa da abokin shari'arka da mutanensa. Ba tsoro ba ne. Harara ɗaya ko baƙar magana ɗaya ta isa ta tayar da rigima, kuma in kai shaida ne duk wata hira da ɗaya ɓangaren za a iya juya ta a ce an saye ka ko an tsorata ka. In kana jin akwai mai yi maka barazana, ka sanar da lauyanka ko mai gabatar da ƙara kwanaki kafin zaman, kotuna da yawa suna da ɗakin jira na daban don shaidu, wasu har ta bidiyo suke karɓar shaida, amma sai an nema da wuri.

Cikin ɗakin shari'a waya a kashe, ba a sailan ba. Ban da hoto, ban da naɗar murya, a Ingila ma tun 1925 doka ta hana ɗaukar hoto a kotu, kuma a wurare da yawa raina kotu ne da zai iya sa ka kwana a tsare. Kar ka matsa kusa da akwatin wanda ake tuhuma, kar ka miƙa masa komai ko da ɗanka ne. A Atlanta ta Amurka a 2005, wanda ake tuhuma ne ya ƙwace bindigar jami'ar da ke rakiyarsa ya kashe alƙali, shi ya sa masu gadin fursuna ba sa son kowa ya raɓe su. In hayaniya ta tashi ko aka kunna ƙararrawa, ka bi umarnin ma'aikata, ka bar takalmin da ya faɗi, ka bi matakala ba lifta ba.

Sai fita, wadda a ganina ta fi shiga hatsari, domin an yanke hukunci wani ya yi nasara wani ya faɗi, kuma tsaron ya ƙare a bakin get. In kai ka ci, ka riƙe murnarka sai gida. Ka ɗan dakata a ciki minti goma ko sha biyar ɗaya ɓangaren su watse, ka fita tare da lauyanka ko wani naka, makullin mota a hannu tun kafin ka isa wajenta. In ka hango sun yi cirko-cirko a waje suna jira, koma ciki ka gaya wa jami'in tsaro ya raka ka ko ya nuna maka wata ƙofar. In kuma bayan ka koma gida aka fara kira ko turo saƙon barazana, kar ka goge kuma kar ka mayar da martani, ka rubuta rana da lokaci ka kai wa lauyanka da ƴan sanda kafin zama na gaba.