Kurakuran da ke tare wa mai son nazarin ƙwayoyin gadon kifi hanya

Ɗalibi in ya ce yana son zama masanin halittun ruwa, abin da yakan hango shi ne kansa cikin kayan ninƙaya yana bin kifaye a teku. Kuskuren farko ke nan. Mai nazarin ƙwayoyin gadon kifi a gaban kwamfuta yake cinye yawancin kwanakinsa. Kundin gadon ɗan kifin nan zebra, da aka wallafa a 2013, haruffan DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) kusan biliyan 1.4 ne a cikinsa, ba idon mutum zai karance su ba. Ka fara koyon Linux, tsarin gudanar da kwamfuta, da harsunan kwamfuta na R da Python tun kana aji uku a jami'a. Rumbun GenBank, ma'ajiyar bayanan DNA a intanet, kyauta ne, ka sauko da bayanan karfasa ka riƙa gwada hannunka.

Wasu kuma sun yanke ƙauna tun kafin su fara, wai Arewa ba teku. Dabarar da za ka ciro DNA daga tarwaɗar Kainji ko giwan ruwan Tafkin Chadi ita ce dai ake yi wa kifin teku. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, ta teku tana Legas, kuma wanda ya ƙware a ɗaya, ɗayar ba za ta gagare shi ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sakaci da samfuri. Ɗalibi ya yi sati biyu a bakin ruwa tare da masunta, ya kashe kuɗinsa, sannan ya zuba kifayen a ruwan sinadarin fomalin don haka ya ga ana yi. Fomalin yana adana siffar kifi, amma yana ɓata DNA. Ka yanko ɗan guntun fiffiken kifin, ka jefa a itanol, wato barasar ɗakin gwaji, mai ƙarfin kashi 95, ka ajiye a wuri mai sanyi. Lakabin kuwa da fensir za ka rubuta, domin itanol na wanke tawada: rana, wuri, da sunan da masunta ke kiran kifin.

Sai neman malamin da zai duba ka a digiri na biyu ko na uku. Wasiƙa ɗaya da aka aika wa farfesoshi hamsin, da ƙyar wani zai amsa ta. Ka zaɓi malami ɗaya, ka karanta ayyukansa biyu ko uku, ka faɗa masa tambayar da ta taso maka daga ciki. Kuma ka guji mujallar da ta yi alkawarin buga maka bincike cikin kwana uku muddin ka biya, domin masu tantance neman tallafin karatu sun san irinsu.